Daga ina ake fara gyaran tsohuwar mota da ta daɗe a ajiye?

Wani mai sha'awar tsofaffin motoci ya rubuto cewa ya mallaki Peugeot 504 ƙirar 1978, mai ƙofa huɗu da injin fetur, wadda ta shafe fiye da shekara goma a ajiye ba tare da an tayar da ita ba. Burinsa shi ne ya farfaɗo da ita da hannunsa a ranakun da ba ya aiki: ya sake mata fenti, ya sa mata manyan wili na alminiyam da na'urar sanyaya ciki, wataƙila ma ya sauke injinta ya ɗora na zamani. Yana so ya san inda ya kamata ya fara, da kuma irin sauye-sauyen da suka cancanci a kashe musu kuɗi.

Malam, motar da ka samu ta cancanci wahalar da za ka sha a kanta. An fara fitar da 504 a Faransa a 1968, kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana siffarta, ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969, kuma an ƙera fiye da miliyan uku, wanda hakan ya sa har yau kayan gyaranta ba su ɓace daga duniya ba. Sai dai jerin ayyukan da ka kawo ya fara ne daga ƙarshe. Fenti da wili da na'urar sanyi su ne abubuwan da ido ke gani, shi ya sa zuciya ke garzayawa gare su, amma a aikin tsohuwar mota su ne ake yi bayan komai ya kammala. Da farko ana tabbatar da cewa ƙarfen jikin motar yana da sauran ƙarfi, sannan a tabbatar tana iya tsayawa idan an taka birki, tana bin sitiyari, tana tafiya ba tare da ta yi zafi ba. Wanda ya juya wannan tsari yakan wayi gari yana yanka sabon fentinsa da injin walda.

Kafin ka ɗauki sifana, ka daidaita lambar shasi da lambar inji da abin da ke rubuce a takardun motar, domin babu amfanin shafe shekara biyu kana gyara motar da ba za a yi mata rajista da sunanka ba. Ka nemi littafin gyara na wannan ƙirar, wanda ke ɗauke da zanen wayoyi da ma'aunin ɗaurin kowane noti. Sannan ka ɗauki hoton kowane sashe kafin ka kwance shi, daga kusurwa fiye da ɗaya. Duk noti da wasa da ka cire ka zuba su a leda, ka rubuta wurin da suka fito a jikin ledar. Mutum yakan ɗauka zai tuna, amma bayan wata takwas notuna guda shida masu kama da juna, biyu daga ciki sun ɗara sauran tsayi da kaɗan, ba za su gaya masa wane rami ne na wane ba.

Batun da zai yanke hukunci a kan aikin gaba ɗaya shi ne tsatsa. 504 mai ƙofa huɗu ba ta da shasi daban da aka ɗora bodi a kai. Bodin ne da kansa yake ɗauke da inji da ƙafafu da mutanen da ke ciki. Don haka ruɓewar ƙarfe a wasu wurare rauni ne ga ginshiƙin motar. Ka fitar da kujeru, ka ɗage kafet da abin da ke ƙarƙashinsa har ka ga ƙarfen daɓen da idonka. Ka duba dokin ƙofa, wato dogon akwatin ƙarfen da ya miƙe ƙarƙashin ƙofofi daga tayar gaba zuwa ta baya, da wuraren da ake kafa jak, da saman mazaunin shokazoba a cikin ɗakin inji, da ƙarƙashin mazaunin batir inda ruwan batir ke ɗiga, da ƙasan but musamman ramin safaya, da gefen gilashin gaba da na baya ƙarƙashin roba, da inda ƙafafun baya suka haɗu da bodi. Ka riƙe sukudireba mai tsini, ka riƙa ƙwanƙwasawa kana dannawa. Lafiyayyen ƙarfe yana ba da amo mai kaifi, wanda ya ruɓe kuwa amonsa a daskare yake, wani lokaci ma sai ka ji tsinin ya nutse, ɓarɓashi ja ya zubo maka a hannu. Kada baƙin kwalta da aka shafa a ƙarƙashin mota ya ruɗe ka, domin idan ya tsufa yakan tsage ya riƙe ruwa tsakaninsa da ƙarfe, ya yi kyau a ido alhali bayansa ya zama gari.

Akwai kuma gyaran da wasu suka yi a baya wanda fenti ya lulluɓe. Ka naɗe ƙaramin maganaɗisu a ƙyalle don kada ya karce fenti, ka bi da shi ƙasan ƙofofi da bakin tayoyi. Inda ya kama sosai ƙarfe ne, inda ya saki ko ya yi sanyin kamu to fila ce aka cika da kauri. Ka kuma lura da tazarar da ke tsakanin ƙofa da bodi: idan ta matse a sama ta buɗe a ƙasa, ko kuma ƙofar tana ƙin rufuwa idan an ɗaga motar da jak, alama ce cewa bodin ya fara sakin jiki, ko kuma motar ta taɓa yin haɗari mai ƙarfi.

Tsatsar da ta tsaya a saman ƙarfe ana goge ta har ƙarfe ya fito fes, a shafa masa share fage na efoksi, wato fentin farko da ke kare ƙarfe. Wadda ta huda ƙarfe kuwa maganinta ɗaya ne, a yanke wurin har a kai ga lafiyayyen ƙarfe, a yanko sabon falle mai kauri ɗaya da na asali, a haɗa su baki da baki da walda. Ɗora faci a kan ruɓaɓɓen wuri ko cika rami da fila kamar yaɓe ne a kan katangar da gara ta riga ta cinye. Ƙarfen bodi siriri ne, bai kai milimita ɗaya ba a wurare da yawa, don haka ana yin waldar ɗigo-ɗigo ana tsallakawa ana barin wuri ya huce, in ba haka ba zafi zai lanƙwasa fallen. Idan za a yanke dokin ƙofa, sai an fara tokare bakin ƙofar da sandar ƙarfe, a kuma yi gefe ɗaya a gama kafin a taɓa ɗaya gefen. A cire batir, a cire wayoyin altaneta, a sauke tankin mai a kai shi nesa, a ajiye abin kashe gobara kusa da hannu. Shi kansa tankin mai ba a yi masa walda a gida ko da ya shekara a bushe, saboda tururin fetur da ya maƙale a ciki ya fi fetur ɗin haɗari. A ganina, idan bincike ya nuna cewa daɓe da dokin ƙofa biyu da mazaunin ƙafafun baya duk sun tafi, kuma kai ba gwanin walda ba ne, ya fi maka sauƙi ka nemi wani bodin mai lafiya ka mayar da wannan motar ta zama ma'ajiyar kayan gyara.

Idan bodi ya ci jarrabawa, sai a koma kan inji, kuma a nan ne ake yawan yin gyaran gangar Auzinawa. Abin da kowa ke yi shi ne ya ɗaura sabon batir, ya tsiyaya fetur a kafireto, ya murɗa makulli. Injin da ya yi shekara goma a tsaye duk baƙin man da ke jikin silinda da boris ya tsiyaye ya koma ƙasa, ringi na iya maƙalewa a jikin fistin, kuma tsatsa na iya kama bangon silinda. Tayar da shi a haka na iya karya ringi ko ya karce silinda cikin daƙiƙa kaɗan. Ka cire fulogogi duka huɗu, ka zuba ɗan mai mara kauri a kowace silinda, ka bar shi ya kwana biyu ko uku. Sannan ka sa sifana a kan notin karanshaf ka juya injin da hannu a hankali. Idan ya ƙi, kada ka tilasta masa da dogon bututu. Ka ƙara mai ka ƙara jira, kana ɗan motsa shi gaba da baya. Idan ya zagaya sau biyu ba tare da ya cije ba, ka zubar da tsohon baƙin mai, ka sa sabo da sabuwar matata, ka bar fulogogi a cire, ka cire wayar kwayil, ka juya injin da sitata na ɗan lokaci har fitilar mai ta mutu. Hakan ya nuna mai ya zagaya ko'ina kafin wuta ta fara aiki.

Tsohon fetur ba a barinsa ya kusanci kafireto. Za ka gane shi da warinsa, wanda ke kama da na tsohon fenti, da launinsa da ya koma ruwan ƙasa; yakan bar danƙo mai toshe ƙananan ramukan kafireto har ya liƙe bawul. Tashin farko ka shayar da injin daga ƙaramin galan mai tsabta, ka kuma sauke tanki a wanke shi, a busa bututun mai, a kwance kafireto a jiƙa shi a sauya masa gaskit. Duk tiyon roba da fetur ke bi ta cikinsa ka sauya shi ko da ya yi kyau a ido. Fetur na yau a ƙasashe da dama yana ɗauke da etanol, irin wanda ake kira E10 yana da har kashi 10 cikin 100, kuma etanol yana cin tsohuwar roba yana kuma jawo danshi cikin tanki. Tiyo mai lambar SAE J30 R9 an yi shi ne don ya jure wannan. Gobarar tsofaffin motoci sau da yawa daga tsagaggen tiyon fetur take tashi, a daidai inda yake ɗiga a kan salansa mai zafi.

Bayan injin ya tashi ya yi ɗumi, ka gwada matsin kowace silinda da ma'auni. Abin da ya fi muhimmanci shi ne kusancin sakamakon: bambanci tsakanin mafi ƙarfi da mafi rauni kada ya wuce kimanin kashi 10 cikin 100. Idan wata silinda ta yi ƙasa, ka zuba mata cokali ɗaya na baƙin mai ka sake gwadawa. Matsin da ya ƙaru yana nuna ringi ne suka gaji, wanda bai motsa ba kuma yana nuna bawul ko gaskit. Silinda biyu maƙwabta da suka faɗi tare galibi gaskit ne ya ƙone a tsakaninsu. Hayaƙi ma yana magana: shuɗi baƙin mai ne ke ƙonewa, baƙi fetur ne ya yi yawa, fari mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi ruwa ne ke shiga silinda. Kada ka yi saurin yanke hukuncin sauke inji, domin ringin da suka maƙale sukan saki bayan tafiyar 'yan ɗaruruwan kilomita da sabon mai.

Akwai wani abu game da injin 504 da ya kamata ka sani kafin ka taɓa kansa. Silindodinsa ba a jikin buloki aka huda su ba. Hannayen riga ne na ƙarfe da ake zurawa, ruwan sanyaya inji yana zagaye su kai tsaye, kuma kan injin ne ke danne su a mazauninsu. Idan ka kwance notunan kan ka ɗaga shi sama kai tsaye, zai iya tasowa da silinda, abin toshe yoyo da ke ƙasanta ya motsa, daga baya ruwa ya riƙa gangarawa cikin baƙin mai ba ka san dalili ba. Ana girgiza kan ne ta gefe har ya rabu da gaskit, sannan a danne silindodin da manyan wasa da noti, kuma ba a juya karanshaf sai an yi hakan. Wannan tsari yana da alfanunsa, domin idan injin ya gaji ana sayen silinda da fistin da ringi a haɗe a sauya, ba sai an kai buloki wurin gura ba.

Kan injin na alminiyam ne, buloki kuma na ƙarfe, shi ya sa zuba ruwa zalla a lagireto yake cutar da shi: ƙarafa biyu mabambanta a cikin ruwa ɗaya, alminiyam ne ke zaizayewa. Ka yi amfani da ruwan lagireto mai maganin tsatsa, ka wanke lagireton ko a sauya masa ciki, ka sauya tiyo da fambel da murfin lagireto. Tamostat kuma, wato bawul ɗin da ke daidaita zafin ruwan inji, ka sa sabo, kada ka bi shawarar masu cewa a cire shi a jefar. Injin da ba ya kai zafin da aka tsara masa yana shan mai fiye da kima yana kuma saurin lalacewa, sannan cire tamostat ɓoye ainihin matsalar yake yi, wadda galibi toshewar lagireto ce ko gajiyar famfon ruwa.

Game da abin da za ka riƙa zuba masa, lokacin da aka ƙera motarka fetur yana ɗauke da dalma, wadda ke kare mazaunin bawul daga zaizayewa. An daina sayar da irin wannan fetur ga motoci a duniya baki ɗaya a 2021, Aljeriya ce ƙasa ta ƙarshe. Injinan da suka fi shan wahalar rashin dalma su ne masu kan ƙarfen zubi da aka yanka mazaunin bawul a jikinsa. Kan alminiyam dole a dasa masa mazauni na ƙarfe daban tun daga masana'anta, don haka damuwarka ba ta kai tasu ba. Ka dai riƙa auna tazarar bawul a kai a kai, idan ka ga ta bawul ɗin hayaƙi tana ta matsewa duk lokacin da ka duba, to mazaunin yana nutsewa, sai a dasa mai tauri ranar da aka sauke kan. Baƙin mai kuma, na zamani mai tsananin ruwa-ruwa an yi shi ne don injinan yau, kuma an rage masa sinadarin zinki da fosfaras da ake kira ZDDP domin kare matatar hayaƙin sababbin motoci. Tsohon inji mai sandunan tura bawul yana buƙatar wannan sinadari, don haka mai irin 20W-50 da aka yi don tsofaffin motoci ya fi dacewa da shi.

Ko da injin yana kuka lafiya, motar ba ta fita titi sai an sabunta birki daga farko har ƙarshe, kuma a nan ba na yarda da a duba a ce yana da kyau. Man birki irin DOT 3 da DOT 4 yana tsotse danshi daga iska. Sabon DOT 4 ba ya tafasa sai ya kai aƙalla digiri 230 a ma'aunin Salsiyos, amma idan ya sha ruwa mizanin yakan sauko zuwa wajen 155, kuma man da ya tafasa a gangare yana nufin ƙafarka ta tafi ƙasa ba tare da mota ta rage gudu ba. Wannan ruwan ne kuma ke cin cikin masta da fistin ɗin kalifa a shekarun ajiya. Ka kwance masta da kalifofi, ka sauya robobinsu ko ka sauya su ɗungurungum idan tsatsa ta yi musu rami. Tiyon roba na birki yakan kumbura ta ciki ya bar mai ya tafi ya hana shi dawowa, sai ka ga taya ɗaya tana riƙewa tana zafi. Duka ake sauyawa. Bututun ƙarfe da tsatsa ta kama a maye gurbinsa da na gaurayen tagulla da nikel, wanda ba ya tsatsa kuma yana da sauƙin lanƙwasawa. Akwai kuma bawul a baya mai daidaita ƙarfin birki gwargwadon nauyin da motar ta ɗauko, wanda ake yawan mantawa da shi har ya daskare. Kada ka gauraya DOT 5, wanda na silikon ne, da DOT 3 ko DOT 4, kuma daga nan ka riƙa sauya man duk shekara biyu.

Abubuwa biyu na kare kai sun shafi wannan aiki. Tsofaffin takalman birki da faifan kuloci na iya ɗauke da asbestos, wanda ƙurarsa ke jawo mummunar cutar huhu bayan shekaru, don haka ba a busa ƙurar da iska, ana jiƙa ta ne a goge, da takunkumi mai kyau a fuska. Na biyu, ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. A tokare ta da ƙafafun ƙarfe a kan daɓe mai tauri, a wurin da ka riga ka tabbatar ƙarfen bodin lafiyayye ne.

Tayoyi kuwa shekarunsu ake dubawa kafin zanensu. A gefen taya akwai lamba da ta fara da DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka ƙera ta, misali 2312 na nufin mako na 23 a 2012. Idan lambobi uku ne to an yi ta kafin 2000. Tayar da ta wuce shekara goma ta gama aiki ko da ba ta taɓa taka titi ba. A batun manyan wili ina ba ka shawarar ka sake tunani. 504 ta yi suna ne da laushin tafiya a kan hanya mara kyau, kuma wani ɓangare na wannan laushi daga tsayin gefen tayarta mai inci 14 yake fitowa. Babban wili da siririyar taya zai kashe wannan, ya ƙara wa sitiyari nauyi, ya kuma gajiyar da boris. Ga shi kuma ramukan notinta huɗu suna kan da'ira mai faɗin milimita 140, ma'aunin da motoci kaɗan ne ke da shi, don haka yawancin wilin da za ka gani ba za su hau ba sai da faranti na tsakani, abin da ba na so a kan motar da za a ɗauki mutane. Kuɗin ya fi amfani a kan sababbin shokazoba da bushin roba da mahaɗan sitiyari. Idan ka sa sabon bushin, kada ka ƙarasa ɗaure notinsa sai motar ta sauka ta tsaya a kan tayoyinta, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta tsage da wuri.

Yanzu ga sauye-sauyen da nake goyon baya, kuma ma'aunina a kansu shi ne su ƙara aminci ko lafiyar tafiya, kada su sauya kamannin motar, kuma a iya cire su a mayar da na asali. Na farko shi ne maye gurbin kwantak da kwandensa na cikin distiributa da na'urar lantarki da ke zama a wurinsu. Tashin inji yana sauƙi, kuma ka huta da saitin tazara, sai dai ka ajiye tsofaffin a cikin mota don ranar da na'urar za ta ƙi. Na biyu shi ne sa rile a fitilun gaba, wato ƙaramin makunnin lantarki da ke kai musu wuta kai tsaye daga batir. A tsofaffin motoci wutar fitila tana bi ta makunnin da ke jikin sitiyari ta dogayen wayoyi da suka tsufa, kuma faɗuwar ƙarfin wuta da kashi 10 cikin 100 tana rage hasken ƙwan halojin da kusan kashi 30. Rile biyu da waya mai kauri da fiyus kusa da batir suna dawo da hasken fiye da yadda mutum zai zata. Ƙwan LED da ake cusawa a tsohon gidan fitila kuwa yakan watsa haske ya kashe wa masu tahowa ido, a ƙasashe da yawa ma doka ba ta yarda da shi ba. Kafin komai, ka goge duk mahaɗan wayar da ke komawa jikin bodi har su yi ƙyalli, domin rabin abin da ake kira matsalar wayarin tsatsa ce a waɗannan wurare. Na uku shi ne sabon bel ɗin kujera mai maɗauri uku, irin wanda Volvo ta fara sawa a motocinta a 1959. Zaren bel yana ruɓewa da rana da shekaru, kuma ƙarfinsa bai wuce ƙarfin ƙarfen da aka ɗaure shi a jiki ba, wanda ya sake mayar da mu kan batun daɓe da dokin ƙofa.

Na'urar sanyaya ciki tana yiwuwa, amma bayan lagireto ya nuna cewa yana da rarar ƙarfi, saboda za ta ɗora wa inji nauyi ta kuma sa wani abu mai zafi a gaban lagireton. Idan motar ta zo da tata, da iskar R12 aka yi ta, wadda aka daina bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987 saboda illarta ga sararin samaniya. Komawa R134a yana buƙatar a wanke bututu, a sauya mai da robobin toshe yoyo da matatar danshi, domin man tsohuwar iskar ba ya tafiya da sabuwar. Ƙaramin kwamfireso na zamani da ƙarin fanka mai aiki da lantarki za su sauƙaƙa wa injin.

Sauya inji shi ne abin da zan ce ka jingine. Aikin bai tsaya a ɗora inji ba: sai an ƙera mazauni, an daidaita shi da giya, an sake lagireto da salansa da famfon mai mai matsi, an haɗa kwamfutar inji da wayoyinta, sannan a ƙarfafa birki don ya dace da sabon gudun. A 504 akwai ƙarin wahala, domin sandar da ke kai ƙarfi baya tana tafiya ne a cikin wani bututun ƙarfe da ya haɗa giya da aksul, don haka ba kowace giya ce za ta zauna ba. A ƙasashe da dama dole ne a sanar da hukumar rajista da kamfanin inshora. Darajar motar ma takan faɗi a idon masu tara tsofaffin motoci. Ƙungiyar masu tsofaffin motoci ta duniya, FIVA, tana ɗaukar mota a matsayin ta tarihi ne idan ta kai shekara 30 kuma an kiyaye ta a kan yanayinta na asali. Injin asali da ke cikinta idan aka gyara shi yadda ya kamata ya ishe ta. Idan abin da ke damunka kukan inji ne a doguwar hanya, giya mai hawa biyar daga 505, wadda ta fito a 1979 kuma ta gaji abubuwa da yawa daga 504, ita ce hanyar da ta fi kusa, bayan an auna tsawon sanda da bututun da mazaunin giyar. Duk abin da ka cire na asali ka shafa masa mai ka adana.

Ka kuma guji kwance motar gaba ɗaya a makon farko. Yawancin ayyukan da ke mutuwa a hanya haka suke farawa: cikin kwana uku an mayar da mota kwalaye, sai sha'awa ta huce, wuri ya ƙure, bayan shekaru a sayar da ita a rabin daraja. Ka ɗauki sashe ɗaya ka gama shi, ka bar motar tana iya motsawa gwargwadon hali, ka kuma tuƙa ta na wasu watanni a tsohon fentinta, domin a wannan lokaci ne yoyon mai da zafin inji da ƙarar giya za su bayyana, a gyara su ba tare da fargabar karce sabon fenti ba.

Idan lokacin fenti ya zo, mafi yawan aikin shiri ne: a cire gilasai da robobi da ƙarafan ado maimakon a liƙe su da takarda, a goge, a shafa share fage, a sake gogewa da dogon katako har hannu ya daina jin tudu da kwari. Fila ba ta wuce kaurin milimita biyu ko uku, kuma a kan tsabtataccen ƙarfe ko efoksi ake sa ta. Ina ba da shawarar a tsaya a kan launin asali, domin sauya launi yana nufin fesa ɗakin inji da cikin ƙofofi da but, in ba haka ba duk wanda ya buɗe banet zai ga launi biyu. Fenti mai haɗi biyu da ake amfani da shi yanzu yana ɗauke da sinadarin aisosayanet mai illa ga huhu, kuma takunkumin ƙura ba ya tare shi, don haka shirin ka yi da hannunka, feshin kuma ka kai wa mai ɗakin fenti da kayan numfashi na musamman. Bayan fenti ya bushe, a fesa kakin hana tsatsa a cikin dokin ƙofa da ƙofofi da duk wani rufaffen akwatin ƙarfe da aka yi wa walda, sannan a zura siririyar waya a kowane ramin tsiyayar ruwa da ke ƙasan ƙofofi a tabbatar kaki ko fenti bai toshe shi ba.